Tambayoyi da Amsoshi: Yawon Tarukan Marubuta da Batun Ko Ana Koyar da Rubutun Labari

Ni malamin makaranta ne a nan cikin garin Bauchi, kuma na daɗe ina taɓa rubutun ƙagaggun labarai da Hausa, jefi-jefi har da waƙa. Duk inda aka tashi daga taro sai an tare ni a bakin ƙofa da tambayoyi, kuma kusan su ne dai ke maimaita kansu, ko a Azare ko a Gombe ko a Kano. Wasu ta waya suke zuwa, bayan isha'i, ina tsaka da makin takardun ɗalibai. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Wanda ya duba bai ga tasa ba, ya riƙe ta, ma haɗu.

Malam, idan muka gayyace ka taronmu za ka zo?

In Allah ya yarda zan zo, muddin an sanar da ni da wuri. Da wuri a wurina wata guda ne, ba daren jajibiri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuma ma'aikaci ne, sai na nemi izini kuma na samu wanda zai riƙe mini aji. Lokacin jarrabawa ba na motsawa, haka ma goman ƙarshe na azumi.

Cikin gari, ko Dass, ko Toro, ko Misau, ba wata matsala. Jos da Gombe ma in na yi sammako daga tasha zan iya kwana a gidana. Kano da Kaduna da Abuja ne sai an yi maganar masauki.

Kuma a faɗa mini abin da ake so in yi. Maƙala zan gabatar, ko karatu zan yi daga littafina, ko zama zan yi da matasa mu duba rubutunsu? Na ƙarshen nan na fi so. Abin da ba na so shi ne a ajiye ni a babban teburi kusa da kwalbar lemo, in yi awa huɗu ina jin kowane mai jawabi yana cewa "ba tare da ɓata lokaci ba" kafin ya ɓata shi.

Nawa kake karɓa?

Makarantar sakandare ko ƙungiyar ɗalibai ban taɓa yanka musu kuɗi ba. In sun zuba mini mai, madalla. In babu, a cikin gari dai keke napep zai kai ni. Amma ƙungiyar da ta kama ɗakin taro a otal, ta buga alluna, ta ɗinka riguna da huluna masu tambari, to ta sa kuɗin motar marubuci da masaukinsa da ɗan abin hasafi cikin lissafi, kuma a faɗa tun kafin in baro gida.

Ba haka kawai na kafa wannan sharaɗi ba. Wata shekara wasu suka kira ni wani gari mai nisa. Na ce yaya batun hanya, suka ce, "Haba Malam, kai dai taho, ai ba za a ji kunya ba." Na taho. Aka yi taro lafiya, aka yi hotuna, aka miƙa mini wani allon katako na karramawa da sunana a jiki, sunan ma an rubuta shi ba daidai ba. Kafin in gama gaisawa da jama'a shugaban kwamiti ya bi motar babban baƙo, wayarsa kuma ta daina shiga. Wani tsohon ɗalibina ne ya gan ni tsaye da jaka a bakin titi, ya kai ni ɗakinsa na kwana, da safe ya ranta mini kuɗin mota. Allon yana nan har yau, maiɗakina ce ke ɗora tukunya mai zafi a kai.

In kuwa na karɓi kuɗinku, zan yi shiri sosai in zo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Waɗanne taruka ne ya kamata sabon marubuci ya san da su?

Da farko akwai Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe da abokansa suka kafa a 1981. Tana yin babban taro duk shekara, tana kuma da rassa a jihohi. Yawancin abin da ake yi a babban taron da Turanci ne. Zaman karatu na reshen jiha ya fi amfanar mai tasowa, domin a nan ne zai miƙe ya karanta shafi biyu a gaban mutum goma sha biyar waɗanda ba sa jin nauyinsa.

Sai bukukuwan littattafai. Na Ake ya fara ne a Abeokuta a 2013 kafin ya koma Legas. Na Kaduna, KABAFEST, ya fara a 2017. A 2021 kuma aka fara HIBAF a Kadunan, wanda adabin Hausa ne ƙashin bayansa. Akwai kuma Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, da ake yi tun 2015. Ita wannan da wuya ka rasa inda ake yin ta kusa da kai.

Kada ma mu ɗauka taruwa don musayar ra'ayi baƙon abu ne a gare mu. A 1943 a garin nan akwai Majalisar Taɗi, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suke zama ana kai gwauro ana kai mari a kan al'amuran ƙasa. Dukkansu ukun sun bar rubutu a bayansu.

Wai me ake samu a taron ne? Ni na je ɗaya, jaka da biro kawai na dawo da su.

To ka ma samu biro. Ina jin a kujera ka zauna tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa, aka tashi ka tafi. Ai ba a kan mumbari amfanin taro yake ba. Yana wajen shan shayi, da teburin masu sayar da littattafai, da layin alwala. Can za ka ji wace maɗaba'a ce ke cika alƙawari, wa ke tace rubutu da gaske ba duba-duba ba, nawa ake yin bango yanzu, yaya ake samun lambar rajistar littafi, wato ISBN, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa. Can za ka haɗu da mai irin ciwonka, wanda shi ma labarinsa ya maƙale a babi na shida tun bara.

Amma kada ka je da niyyar dawowa da gwaninta. Taro abokai yake bayarwa da ƙwarin gwiwa. Na san masu zuwa kowane taro, suna da hoto da kowane babban marubuci a ƙasar nan, kuma shekara biyar ke nan ba su kammala gajeren labari ɗaya ba.

Batun ciniki kuwa, kada ka cika kwali. Na sha ɗaukar kwafi arba'in in dawo da ashirin da wani abu, kuma cikin waɗanda suka tafi rabi kyauta ce, don ba ka iya cewa abokin sana'a ya biya.

Za ka yi mini sharhin littafi ranar ƙaddamarwa?

In na karanta shi tukuna, kuma in ka yarda in faɗi abin da na gani. Ba zan tozarta ka a gaban surukanka ba, amma ba zan ce "wannan littafi ya cike wani babban giɓi" ba alhali ban ga giɓin ba.

Kuma wata 'yar shawara da ba ka nema ba: kada ka ci bashin ɗab'i da sa ran kuɗin ƙaddamarwa. Abin da ake shelantawa a lasifika, wane ya sayi kwafi ɗaya a kan kaza, daban yake da abin da ke shiga asusu. Wani alƙawarin sai ka kashe kuɗin mota fiye da shi kana bin sawu.

Ana iya koya wa mutum rubutun labari, ko kuwa baiwa ce kawai?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma na lura masu yin ta kashi biyu ne. Akwai mai so in ce baiwa ce, don ya huta: in yana da ita ba ya buƙatar gyara, in ba shi da ita ba laifinsa ba ne. Akwai kuma mai so in ce koyarwa ake yi tsaf, don ya biya kuɗin bita ranar Juma'a ya fito marubuci ranar Lahadi. Dukkansu ba sa jin daɗin amsata.

Ana koyarwa, amma irin koyarwar sana'a, ba irin ta lacca ba. Dubi yadda Bahaushe ke koyon duk abin da ake yi da hannu ko da baki. Yaron tela yakan shekara yana sa maɓalli da guga kafin a bar shi ya sa almakashi a shaddar mutane. Makaɗan fada da muke jinjina wa, da yawansu sun yi shekaru suna amshi a bayan uba ko wa ko maigida, suna jin inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, kafin su ja waƙa da kansu. Marubuta waƙoƙinmu na zamanin da malamai ne da suka karanci aruli, wato ilimin awon waƙa, a zaure, suka san ma'aunai irin su Mutaƙarabi da Kamili da Ramali, suka san ƙwar biyu da ƙwar biyar da tahamisi. Ban taɓa jin wanda ya ce don Malam Sa'adu Zungur ya yi karatu waƙarsa ta rasa baiwa ba.

Ƙagaggen labari a boko kuwa, tarihinsa ma da koyarwa ya fara. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya yana neman malamai su rubuta dogayen labarai, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri, har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na namu Abubakar Tafawa Balewa, wanda a lokacin malami ne a makarantar Midil ta Bauchi. Mutanen nan sun tashi da tatsuniya da hikaya da littattafan Larabci, amma dogon labari a takardar boko sabon abu ne a wurinsu. A 1936 Imam ya je Zariya ya zauna da East, yana rubutawa ana dubawa ana mayar masa, har aka samu Magana Jari Ce. Ba East ne ya ba shi hikimar ba, da abarsa ya zo. Amma zaman bai tafi a banza ba.

A ƙasashen waje abin har aji gare shi a jami'a. Jami'ar Iowa a Amurka ta buɗe nata shirin tun 1936, ta East Anglia a Ingila a 1970, kuma a East Anglia ɗin ne marubuci Kazuo Ishiguro ya yi karatu kafin ya samu kyautar Nobel a 2017. Ba ma sai mun je nesa ba. Helon Habila ɗan Kaltungo ne a jihar Gombe, ya taɓa koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi, ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001, daga baya ya zama malamin ƙirƙirar rubutu a Jami'ar George Mason ta Amurka. Da abin ba ya koyuwa, da ba a ɗauke shi aikin ba.

To sai wani ya ce, ai matan da mazan da suka cika kasuwa da littattafan soyayya tun daga shekarun 1980, abin da ake kira adabin kasuwar Kano, yawancinsu ba su taɓa shiga ajin rubutu ba, kuma su suka sa matan aure da 'yan mata karatun Hausa. Gaskiya ne. Amma shin ba a koya musu ba ke nan? An koya musu. Sun karanta na juna. Sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama suna duba wa juna. Dillalan littattafai sun gaya musu wanda ya tafi da wanda ya kwanta a shago, masu karatu kuma sun aiko da wasiƙu suna yabo suna faɗa. Makaranta ce, allo ne dai ba ta da shi.

To mene ne takamaimai ake koyarwa?

Abubuwa da yawa, kuma na farko shi ne wanda matasa suka fi rainawa: ƙa'idojin rubutu. "Ya ce" kalma biyu ce, haka "shi ne". "Motarsa" haɗe take. "A kan" na bisa teburi daban, "akan" na "akan yi" daban. Ƙugiya kuwa ba ado ba ce. Wanda ya rubuta "an yi fada" yana nufin "an yi faɗa" ya kai mu gidan sarki alhali dambe ake yi, wanda ya ce "baki sun iso" ya bar baƙi a hanya. Wannan a mako biyu mutum zai iya shi in ya sa kansa, kuma alƙalin gasa da ke da labari ɗari a gabansa ba ya yi wa mai irin wannan kuskuren haƙuri har shafi na biyu.

Sai kuma inda ya kamata labari ya fara. Wata ɗalibata ta kawo mini gajeren labari mai shafi bakwai. Shafi biyu na farko duk kyawun tauraruwar ne: fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, in ta yi murmushi kumatu su lotsa. Na uku tarihin mahaifinta ne tun daga kakansa. Sai a na biyar na tarar ashe yarinyar tallar masa take yi, kuma ran nan ta dawo kuɗin bai cika ba, ga kishiyar uwa tana jira a tsakar gida. Na ce mata, "'Yata, ina damuwar yarinyar nan ta fara?" Ta sa yatsa a shafi na biyar. Na ce to huɗun farkon wa kika rubuta wa? Ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa, don ta fi son shafukan kyawun nan fiye da komai. Bayan mako ɗaya ta dawo, labarin ya koma shafi huɗu, kuma ga jimlar farko: "Sau uku Ladi ta ƙirga kuɗin a zaure kafin ta yi sallama." Ban ba ta jimlar ba, tambaya kawai na yi mata. Har yau ban san ko Ladi fara ce ko baƙa ba, kuma ban damu ba.

Ana koyar da zance. Yawancin sababbin marubuta kowa a labarinsu murya ɗaya gare shi, direban tasha da alƙali da tsohuwa duk suna magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ana koyar da ta bakin wa za a ba da labari, da illar tsalle daga zuciyar wannan zuwa ta wancan a sakin layi ɗaya. Ana koyar da yadda marubuci zai daina leƙowa yana wa'azi, ya bar abin da ya faru ya yi wa'azin da kansa. Uwa uba ana koyar da yanka, wato zubar da abin da ka sha wahalar rubutawa in labarin bai buƙace shi ba.

Duk waɗannan, sai a kan takardarka ake koyon su. In na tsaya a gaban allo na ce "a fara labari daga inda damuwa ta fara", kowa zai gyaɗa kai ya rubuta a littafi, ya koma gida ya fara da dara-daran idanu.

Me kuma ba a iya koyarwa?

Ba zan iya sa maka abin faɗa ba. Wani rubutunsa tsaf, ba kuskure ko ɗaya, amma in ka gama sai ka ji kamar ka sha ruwan da aka tafasa ya huce. Ba abin da ke cin ransa.

Kunne ma ba na iya bayarwa, sai dai in nuna inda ake wasa shi. Ka zauna a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ka ji yadda ake ciniki, yadda "albarka" ɗaya ke da ma'ana uku gwargwadon yadda aka ja ta. Ka ji hirar mata a gidan suna, da ta 'yan majalisa bayan la'asar. Wasu in sun zauna suna ɗauka, wasu hayaniya kawai suke ji, kuma na kasa gano abin da ke raba su.

Na uku naci. Cikin ɗaliban da suka ratsa ta hannuna, waɗanda suka fi burge ni tun farko ba su ne suke rubutu yau ba. Wanda ya fi kowa a ajinsa yanzu harkar POS yake yi, kuma Allah ya sa masa albarka a ciki. Wadda ke fitar da littattafai kuwa, a lokacin ban ma riƙe sunanta ba.

Sai na yi digiri a Hausa ko a adabi?

A'a. In ka samu dama ka yi, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo duk suna da sassan da suka daɗe suna wannan aiki, kuma zai sa ka karanta abin da da kanka ba za ka nema ba. Amma abin da aka fi yi a can nazari ne: jigo, warwarar jigo, salo, zubi da tsari, taurari. Mahauci ya san sunan kowace gaɓa a jikin saniya, makiyayi kuma shi ya san yadda ake rainon maraƙi. Sana'a biyu ce, ko da yake ba laifi mutum ya haɗa.

Bitar kwana uku da ake tallatawa a WhatsApp, mai kuɗin rajista da takardar shaida, tana da amfani?

Wata tana da shi. Kafin ka tura kuɗi ka yi tambaya uku. Shin za a karanta rubutunka a mayar maka da gyara, ko saƙon murya kawai za a riƙa turowa? Ku nawa ne? In kun haura ɗari a zaure ɗaya, ba mai duba naka. Sannan shi mai koyarwar, me ya rubuta? Nemo ka karanta shafi biyar.

Takardar shaida kuwa, ban taɓa ganin mai karatu ya nemi ganin ta kafin ya sayi littafi ba. Da ka biya kuɗin da ba ka da shi, gara ku haɗu ku biyar masu gaskiya, duk ranar Asabar ɗaya ya kawo shafi uku, a karanta a bayyane, a faɗa masa inda aka fara hamma.

Malam, ni matar aure ce, maigida ba ya son tafiye-tafiyen taro. Ke nan an bar ni a baya?

Ko kaɗan, Malama. Yawancin abin da ake karantawa da Hausa yau a waya, mata ne ke rubuta shi daga cikin ɗakunansu, tsakanin girki da raino. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata, daga gida ake aika mata da labari. Abin da taro zai ba ki, wato masu duba miki da gaskiya, za ki iya haɗa shi da 'yan'uwa mata uku ko huɗu. Ki dai guji zauren da duk abin da kika tura sai a ce "wallahi Anti ya yi daɗi, a ci gaba". Masoya ne, Allah ya bar ƙauna, amma ba su ne masu gyara ba.

In kuma taron a cikin gari ne da rana, gwada gayyatar maigidan ku je tare. Na ga waɗanda suka zo da fuska a ɗaure suka koma suna riƙe wa matansu kwalin littattafai.

In rubuta da Hausarmu ta Bauchi ko da daidaitacciya?

Bayanin marubuci da daidaitacciyar Hausa, don na Sakkwato da na Damagaram su karanta ba tuntuɓe. Amma in tsohuwar Bauchi ce ke magana a labarinka, bar ta ta ce "rigan" maimakon "rigar", ta ce "na kai abinci wa Malam". In ka gyara mata baki ka mayar da ita Bakanuwa, ka kashe ta.

Zan iya ba ka littafina a wurin taro ka duba mini?

Shafi goma na farko, bugaggu, da sunanka a kowane shafi. Ba shafi ɗari uku a leda ba. A shafi goma nakan ga kusan duk abin da zan gani a sauran. Ka ba ni wata biyu, kuma kada ka kira ni washegari ka ce "Malam ya ake ciki". In na mayar maka da shi ja-ja-wur da biro, alamar na karanta ne. Wanda na ce wa "ya yi kyau, a ci gaba da ƙoƙari" shi ya kamata ya damu.

Ba na rubuta gabatarwa ga littafin da ban karanta ba, ko na ɗan wa ne.

Kai wa ya koya maka?

Tatsuniya dai kakata ce, ta wajen uwa, wadda ba ta san ko bihim a boko ba amma ta san daidai inda za ta tsaya ta ce barci take ji, sai gobe.

Rubutu kuwa wani tsohon malamin Hausa ne da ya yi ritaya, a unguwar Jahun, Allah ya jiƙansa. Ina saurayi na cika littafin rubutu mai shafi tamanin da wani labarin soyayya, na kai masa a zaurensa, ina jin a raina cewa zai ce a kai maɗaba'a gobe. Ya karɓa ya sa ƙarƙashin buzu, ya ce in dawo bayan Juma'a biyu. Da na koma ya miƙo mini bai ce komai ba. Na buɗe. Kowane shafi an ja masa jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na yi ta buɗawa hannuna na rawa, sai can wajen ƙarshe na ga wuri ɗaya da ya zagaye. Wata tsohuwa ce, wadda ba ma ita ce tauraruwa ba, jikarta ta yi yaji ta dawo gida da akwati a ka, ta ce mata: "Ajiye shi a zaure tukuna, kada ya saba da ɗaki."

Ya ce, "Ɗana, wannan kai ka ji shi da kunnenka. Sauran duk a littattafan mutane ka tsinto."

Na ce, "Baba, to yanzu yaya zan yi da sauran?" Ya ce ai mai ƙosai na bakin layi tana neman takarda.

Na yi wata guda ina sauya hanya don kada in bi ta ƙofar gidansa. Daga baya na koma da shafi shida, labarin tsohuwar da jikarta kawai. Ya soke huɗu. Haka muka yi ta yi kusan shekara uku, duk ranar Alhamis bayan la'asar, ni da kuɗin goronsa shi da jan bironsa. Bai ga littafina na farko ba, ya rasu ana cikin ɗab'insa. Maganar akwatin tana shafi na tara, a bakin tsohuwar dai. Littafin rubutun kuma ban kai wa mai ƙosai ba, yana cikin durowa.